Yadda Ake Gyara Kyamarar da ke Zuƙo Fuska Fiye da Kima a Kiran Bidiyo

Tambayar nan ta yi ta zuwa mini daga malaman da ke koyarwa ta intanet, da masu shirin ganawar neman aiki ko gurbin karatu, da ma'aikatan da taronsu ya koma Zoom da Teams. Ƙorafin iri ɗaya ne: da an kunna kyamara sai fuska ta cika allo, hula ta yanke daga sama, haɓa ta taɓo ƙasa, ba kafaɗa ba bango. Wasu har sun sayi sabuwar kyamara sun jona, abin bai sauya ba, kuɗin ya tafi a banza.

Kafin hotonka ya isa ga wanda kuke magana da shi, yana bi ta hannu huɗu: gilashin kyamarar, tsarin kwamfutar, manhajar kamfanin da ya ƙera kyamarar, sai manhajar kiran. Kowannensu yana iya datse gefen hoton ya faɗaɗa tsakiyarsa, kamar yadin da ya bi ta hannun teloli huɗu kowa ya sa almakashi. Aikinka shi ne gano hannun da ya yi yankan kafin ka taɓa komai. Saboda haka ka bi matakan a jere, ka riƙa sauya abu ɗaya kana dubawa kafin ka wuce gaba. Bakwai na farko ba sa cin ko kwabo in ban da ɗan data. Sunayen maɓallai na bar su yadda suke a allon da ke Turanci, domin da su za ka nemo su.

Ka tanadi kwamfutar da cajinta, da wayarka, da kamar rabin awa. Kada ka fara wannan aiki saura minti biyar a shiga taro.

1. Duba abin da mutane ke gani

Ƙaramin hotonka da ke kusurwar allo ba lallai ne ya zama abin da sauran mahalarta ke gani ba. Manhajojin kira suna datse hoto don ya dace da akwatin da suka ba shi, kuma akwatin yana sauya siffa gwargwadon yawan mutane da girman allon mai kallo.

Buɗe taron gwaji kai kaɗai a kwamfuta, sannan ka shiga taron daga wayarka. Kwantar da wayar a kwance ka kalli hoton da kwamfutar ke aikowa. In ka ga kafaɗunka da bangon bayanka a wayar, to kyamarar lafiyarta ƙalau, akwatin allonka ne kawai ya matse ka.

Gargaɗi: kashe makirufo da sifikar wayar kafin ta shiga taron. Na'urori biyu a ɗaki ɗaya suna tayar da wata ƙara mai kashe kunne.

In ta burauza kake kiran, danna Ctrl da 0 tare, ko Cmd da 0 a Mac, shafin zai koma girmansa na asali. In kuma duk allon ne ya kumbura har da rubutu, mai yiwuwa Magnifier na Windows ne ya kunnu, danna maɓallin Windows da Esc ya rufe.

2. Gwada kyamarar ita kaɗai

Wannan shi ne matakin da ke raba gardama, kuma shi aka fi tsallakewa.

Rufe Zoom, Teams, burauza da duk abin da ke amfani da kyamara. Danna X kaɗai ba ya rufe Zoom da Teams, suna nan laɓe kusa da agogo a ƙasan allo. Danna ƙaramar kibiyar da ke wurin, ka danna tambarinsu da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Exit ko Quit.

A Windows, danna Start ka rubuta Camera ka buɗe ta, ka koma ɓangaren bidiyo. A Mac, buɗe QuickTime Player, ka shiga File, ka zaɓi New Movie Recording. Zauna daidai yadda kake zama a taro, ka lura da abin da ke gefen hoton na dama da na hagu: ƙofa ce, labule ne, ko kalandar bango. Ɗauki hoton allon da wayarka, shi ne ma'auninka daga nan har ƙarshe.

In hoton ya fito da faɗi a nan, sai a cikin kira yake matsewa, manhajar kiran ce ke yankan, mataki na 3 zai ishe ka. In kuwa a nan ma a zuƙe yake, laifin yana can ƙasa, tsallaka zuwa mataki na 4, sannan ka dawo na 3 daga baya.

3. Saitin manhajar kira

Fara da tabbatar da cewa kyamarar da aka zaɓa ita ce wadda kake nufi. Kwamfutar da aka taɓa sa wa manhajojin bidiyo takan tara sunayen kyamarori da yawa a jeri, wasunsu ba kyamarori ba ne na zahiri, manhaja ce ke karɓar hoto ta sarrafa shi ta miƙa. In ka ga suna mai ɗauke da Virtual ko sunan wata manhaja, koma kan wadda aka rubuta Integrated Camera ko sunan kyamararka.

A Zoom: shiga Settings, ka buɗe sashen bidiyo. Ƙarƙashin sunan kyamara akwai akwatuna biyu, HD da Original ratio. Sa alama a HD tukuna ka duba. Kyamarori da yawa in aka nemi ƙaramin hoto daga gare su ba sa rage girman dukan abin da suka gani, tsakiyar kawai suke yankowa su bayar, shi ya sa fuska ke cika allo. Da an nemi HD sai su saki dukan faɗin. In hakan bai isa ba, sa alama a Original ratio, wanda ke hana Zoom datse sama da ƙasan hoton don ya dace da faffaɗan allo. Za ka iya ganin baƙin layi a gefe biyu, wannan ba lalacewa ba ce, hotonka ne cikakke. In akwai Auto-framing a jerin, kashe shi.

Gargaɗi kan data: bisa ƙiyasin Zoom, kiran mutum biyu a 720p, wato HD, yana buƙatar kusan 1.2 Mbps wajen aikawa, na ƙasa da shi kuma 600 kbps. Wato in har hoton yana fita a 720p, awa ɗaya za ta iya cin sama da 500 MB a aikawa kaɗai, ban da abin da kake karɓa. Mai amfani da hotspot ɗin waya ya fara gwada Original ratio shi kaɗai, in ya wadatar ya bar HD a kashe.

A Google Meet: akwai abin da ake kira Framing, wanda ke neman fuskarka ya zuƙo ta ya ajiye a tsakiya. Google ya sha sauya masa wuri, saboda haka ka duba cikin Settings a sashen Video, in babu ka duba inda ake sauya bango da haske, ƙarƙashin Appearance. Kashe shi. A kan ƙaramin hotonka kuma akwai ɗigo uku, a ciki za ka ga Show my full video to others, wanda ke hana a datse ka a allon sauran mutane. Malamin da ke rubutu a allon bango, ko mai nuna kaya ga mai saye, wannan zaɓin ya fi masa komai amfani.

A Teams: ita ta fi kowa yawan datse mutane don su dace da akwatunanta, kuma gyaran yana hannun mai kallo. Wanda ya ce yana ganin rabin kanka, ce masa ya danna hotonka da maɓallin dama ya zaɓi Fit to frame. Wannan allonsa kawai yake gyarawa, kowane mahalarci sai ya yi nasa. Naka ɓangaren yana cikin Settings, sashen Devices, inda za ka zaɓi kyamara ka ga samfurin hotonka.

Bayan kowane sauyi, kashe bidiyon ka sake kunnawa kafin ka yanke hukunci.

4. Saitin kwamfutar kanta

A Windows 11, shiga Settings, sai Bluetooth & devices, sai Cameras, ka danna sunan kyamararka. Za ka ga hotonka da ma'aunan haske, a wasu kyamarorin har da na Zoom. In akwai shi, ja shi zuwa ƙarshen hagu. In ba ka san abin da aka taɓa a baya ba, danna Reset settings komai ya koma yadda ya fito daga kamfani.

A sababbin laftof masu Windows Studio Effects, a shafin nan ne za ka ga Automatic framing. Shi ne ke sa hoto ya riƙa matsowa yana ja da baya shi kaɗai, yana bin ka in ka karkata. Alamarsa a bayyane take: da ka kunna kyamara hoton yana da faɗi, bayan daƙiƙa biyu ko uku sai ya lallaɓo ya cika da fuskarka. Duk inda ka ga wannan lallaɓowar, to wata manhaja ce ke bin fuska, ba gilashi ba ne kuma ba direba ba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kyamara da kwamfuta. Kashe shi. Masu Windows 10 da ba su ga wannan shafi ba su wuce mataki na 5 da na 6.

A kayan Apple sunansa Center Stage. Yana cikin iPad tun daga 2021, da allon Studio Display, da sababbin Mac, da kuma lokacin da aka mai da iPhone kyamarar Mac. Sai kyamara tana kunne ake ganin maɓallinsa. A Mac, danna koren tambarin bidiyo da ke saman allo ka kashe shi daga nan. A iPad, jawo Control Center daga kusurwar dama ta sama ana cikin kiran, ka shiga saitin bidiyon ka kashe.

5. Manhajar kamfanin da ya ƙera kyamarar

Kyamarorin da ake jonawa ta USB sukan zo da tasu manhajar, kuma saitin da aka yi a cikinta yana bin kyamarar zuwa kowace manhajar kira. Na Logitech su ne Logi Tune da G Hub, na Dell akwai Dell Peripheral Manager, masu katin hoto na RTX kuma suna iya samun NVIDIA Broadcast mai Auto Frame. Laftof ɗin Lenovo da HP ma sukan zo da manhajojin kamfani masu taɓa kyamara.

Abu uku za ka nema a ciki. Ma'aunin Zoom ya koma 1x ko ƙarshen ƙasa. Duk abin da ke bin fuska a kashe shi, a wajen Logitech sunansa RightSight. Sai faɗin gani, wanda ake rubutawa Field of view: Logitech Brio, alal misali, tana ba da zaɓin digiri 65, 78 da 90, kuma wanda ya bar ta a 65 zai ga kansa a matse ko da komai nata lafiya yake. Ɗaga ta zuwa 78 ko 90.

Galibinmu laftof na hannu muke saye, kuma ba kowane mai sayarwa ke goge ta sarai ba. Shiga jerin manhajojin da ke kan kwamfutar ka karanta shi daga sama har ƙasa. Duk wata manhajar kyamara da ba kai ka sa ba kuma ba ka amfani da ita, rufe ta ka gwada, in hoton ya gyaru sai ka cire ta.

Gargaɗi: kada ka bar irin waɗannan manhajoji biyu suna aiki lokaci guda. In Windows yana bin fuska, Meet ma yana bi, yanka biyu ke nan a kan hoto ɗaya, kuma in ka kashe ɗaya kawai za ka zaci gyaran bai yi ba.

6. Tagar direba da ke ɓoye

Kusan kowace kyamara a Windows tana da wata tsohuwar tagar saiti da ba a gani a fili, kuma wani lokaci can ne ma'aunin zuƙowa ya maƙale. Hanya mafi sauƙi ta isa gare ta ita ce OBS Studio, manhaja ce ta kyauta. Sauke ta daga obsproject.com kawai.

Buɗe ta, a akwatin Sources danna alamar +, ka zaɓi Video Capture Device, ka zaɓi kyamararka. Danna Configure Video. Wata ƙaramar taga za ta fito mai shafi biyu, shiga Camera Control. Za ka ga Zoom, Pan da Tilt. Ja Zoom zuwa ƙarshen hagu, ko ka danna Default, sai Apply, sai OK. In ma'aunin ya yi fari-fari ba ya motsi, kyamararka ba ta da wannan saitin, babu abin da za ka gyara a nan.

Gargaɗi: rufe OBS kafin ka buɗe Zoom, in ba haka ba za ka ga baƙin allo don kyamarar tana hannun wata manhaja. Wasu kyamarorin kuma suna manta saitin da zarar an cire su ko an kashe kwamfuta, sai ka sake dubawa gobe.

OBS tana da wani amfani ga wanda kyamararsa ke da faɗi a ko'ina sai a manhaja ɗaya mai taurin kai. A saitin kyamarar, mai da Resolution/FPS Type zuwa Custom ka zaɓi mafi girman lamba. Danna hoton, ka danna Ctrl da F ya dace da allo, sannan ka danna Start Virtual Camera. A manhajar kiran sai ka zaɓi OBS Virtual Camera. A wannan yanayin OBS za ta zauna a buɗe har a gama taro. Ban cika son wannan hanya ga mai tsohuwar laftof ba, domin tana sa ta zafi tana shan batir, kuma wanda aka ɗauke wa wuta ana tsakiyar ganawa ya san darajar kowane minti na caji. A ajiye ta sai in babu makawa.

7. Ramin USB da direba

Cire kyamarar daga mahaɗar USB mai baki da yawa, ka soka ta kai tsaye a jikin kwamfutar. In akwai rami mai shuɗin ciki, wato USB 3.0, yi amfani da shi. Kyamarar da ke raba hanya da filashi da modem tana iya faɗawa ƙaramin hoto, wanda a wasu kyamarorin yankakke ne.

In matsalar ta fara ne bayan sabuntawar Windows, danna maɓallin Windows da X, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Cameras. Danna kyamarar da maɓallin dama, sai Properties, sai Driver, sai Roll Back Driver. In bai dannu ba, zaɓi Uninstall device ka sake kunna kwamfutar, Windows zai mayar da direban da kansa.

Gargaɗi: wajen cirewar, in ka ga ƙaramin akwatin da ke cewa a goge direban gaba ɗaya, kada ka sa masa alama sai kana da intanet mai kyau a hannu. Ka nisanci manhajojin da ke tallan sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, direban gaskiya yana shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. In ta ofis ce, bar wannan matakin ga masu kula da kwamfutocin wurin.

8. In gilashin ne ba shi da faɗi

Ka bi duk wannan, hoton bai sauya ba ko a manhajar Camera. To ba a yanke komai ba, iyakar ganin kyamarar ke nan, kuma babu manhajar da za ta ƙaro abin da gilashi bai gani ba.

Lissafin zai nuna maka. Logitech C270 tana da faɗin gani na digiri 55. In ka zauna santimita 60 daga gare ta, tana ɗaukar kusan santimita 54 a faɗi da 30 a tsaye. Santimita 30 kuwa daga haɓa zuwa saman hula ta ƙare. C920 mai digiri 78 tana ɗaukar kusan 85 da 48 daga wannan nisan, mai digiri 90 kuma ta haura mita ɗaya a faɗi.

Gyaran da ba ya cin kuɗi shi ne nisa. Ninka nisan, faɗin hoton ya ninku. Tura kyamarar baya zuwa kamar mita ɗaya, ka ɗora ta daidai tsayin idonka. In a jikin laftof take, ɗora laftof ɗin a kan littattafai masu kauri ka tura ta baya, ka miƙar da murfin ya tsaya sosai, kada ya kwanta yana kallon silin. Auna da hannunka: in ka miƙa shi yatsunka ba su taɓa allo ba, ka kusa isa. Ka bar sarari kamar faɗin yatsu huɗu tsakanin saman kanka da gefen hoton, ƙasan kuma ya tsaya a ƙirji.

Gargaɗi: da ka ja baya muryarka za ta yi nisa da makirufon laftof. Sa abin kunne mai makirufo, ko irin na waya mai igiya ya wadatar.

Kafin ka sayi wata, gwada wayarka. Kyamarar bayan waya ta fi ta yawancin laftof kyau, kuma tana iya fin taka faɗi. DroidCam da Iriun suna mai da waya kyamarar kwamfuta, suna da sigar kyauta, mai iPhone da Mac kuma yana da Continuity Camera. Jona ta da kebul, hoton ya fi tsayawa kuma wayar tana caji. Kwantar da ita a kwance, in ta tsaya a tsaye gefe biyu za su yanke.

In sayen ya zama dole, kada rubutun HD ko 4K a kwali ya ruɗe ka, wannan kaifin hoto yake nufi ba faɗinsa ba. Nemi lambar digiri. Mutum ɗaya a tebur, 78 ta ishe shi. Malami mai allon rubutu ko mutum biyu a kujera ɗaya su nemi 90. Fiye da haka zai kwaso dukan ɗaki, har da abin da ba ka so a gani. Farashi yana tafiya da canjin dala, saboda haka ka tambayi shago biyu ko uku, ko a Beirut Road ne a Kano ko a Banex a Abuja. Je da laftof ɗinka, a jona kyamarar a gabanka, ka buɗe manhajar Camera ka zauna a nisan da ka saba, ka kwatanta da hoton da ka ɗauka a mataki na 2 kafin ka biya. Kyamarori marasa suna da yawa ana rubuta musu faɗin da ba su da shi, don haka ku yi magana da mai shagon kan sharaɗin canji, ya rubuta maka a rasit.